Hannuna na Dama, Kunnenka na Hagu

Zuwa ga ƙanena Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'imarsa. Yayanka ne Kabiru, daga Guangzhou.

Na san ba a kai wa kabari takarda. Na sa ta a nan ne inda mutanenmu za su karanta, na kasuwar Canaan da na Shiling a nan Guangzhou, da na gida Kano. Wata biyar ke nan suna yi mini ta'aziyyarka, kowa ya zo sai ya ce na yi maka riƙon da ko uba sai haka. Duk sanda na ji wannan magana sai in ji kamar an zuba mini garwashi a cikin riga. Yau zan faɗi abin da ya faru, a gabanka kuma a gabansu.

Baba ya rasu ina da shekara goma sha tara, kai kana da bakwai. Ya bar mana Umma, da rumfar jakunkuna a Ƙofar Wambai, da bel ɗinsa na fata mai kan ƙarfe. Shi Baba rataye shi kawai yake yi a ƙusa don a gani a ji tsoro. Ni na sauke shi daga ƙusar.

Kana aji huɗu ka kwance rediyon Umma ɗaiɗai, wai kana neman ta inda murya take shigowa. Na dawo daga kasuwa na tarar da shi a warwatse a kan tabarma. Ban tambaye ka komai ba. Na fara da bel, na ƙare da wayar wuta, har bayanka ya fashe rigarka ta manne da jini. Umma ta riƙe mini hannu, na fizge. Washegari da safe na ji rediyon yana magana. Ka mayar da shi yadda yake, kana kwance rub da ciki domin ba ka iya kwanciya da baya. Ban ce maka sannu ba. Na ce gobe ma ka ƙara.

A lokacin ina kiran wannan tarbiyya. Maƙwabta ma haka suke kiransa.

Da na zo ƙasar nan na zama mai raka 'yan kasuwarmu masana'antun jaka a Shiling, in yi musu ciniki, in duba ɗinki, in ga an loda kaya. Shekara takwas ina nan ka samu tallafin karatu a wata jami'a da ke yankin Panyu na garin nan, za ka yi digiri na uku a kan sararin samaniya. Na kama mana gida a hawa na goma sha ɗaya kusa da makarantarku. Kullum sai na yi tafiyar awa biyu zuwa Shiling, amma ban damu ba. Ina alfahari da kai, Nura. Ban taɓa gaya maka ba, kuma ban san me kake karantawa ba.

Sau ɗaya ka yi ƙoƙarin yi mini bayani. Ranar da guguwar teku ta shigo gari ce, aka rufe kasuwanni aka tsayar da jiragen ƙasa. Da rana tsaka gari ya yi baƙi. Muna tsaye a taga mun manna mata salatif, ginin yana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Muka ga iska ta tumɓuke bishiyar bakin titi ta maka ta a kan motoci uku, ta yage allon wani shago ta yi sama da shi kamar ganyen takarda. Ni ina ta salati, kai kana murmushi.

Ka ce, "Yaya, wannan ai jaririya ce. Iskar da nake nema tana can sama da kilomita ɗari biyu, inda jirgin sama ba ya zuwa. In ta tashi gudu, jirgi ba ya kamo ta."

Ka ce can sama iskar ba ta da kauri, amma tana ba da wani ɗan haske ja wanda ido ba ya cika gani. Akwai na'ura da ke zaune a ƙarƙashin ƙoƙon gilashi a saman rufi tana kallon hasken nan. In iskar tana tahowa launin ya ɗan canza ta nan, in tana tafiya ya canza ta can, da haka ake sanin gudunta. Ka ce in rana ta yi aman wuta, a ƙarshen duniya na arewa da na kudu abin yake sauka, iskar saman ta yi zafi ta kumbura ta riƙa jan taurarin ɗan'adam, taswirar waya ta rikice, jiragen ruwa su rasa daidai inda suke. Shi ya sa dole wani ya je can ya zauna da na'urar a lokacin sanyi, sanda rana ke yin watanni ba ta fito ba.

Kana cikin magana wayata ta yi ƙara, wani ɗan Kantin Kwari yana tambayar ko ruwa ya shiga kayansa. Na juya maka baya na amsa. Da na gama ka riga ka shiga ɗaki.

Yanzu zan zo kan ranar.

Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci muka hau gidan abincin nan na saman bene a bayan Canaan, inda ake yin tuwon shinkafa da miyar kuka. Mun kai mu goma a tebur. Akwai Alhaji Isufu ɗan Maraɗi, wanda ya sauke ni a ɗakinsa ranar da na fara shigowa garin nan ban san kowa ba, kuma har yau shi ne uba a gare ni a nan. Kana ta zumuɗi tun a hanya. Da aka kawo abinci ka ce kana da albishir: an zaɓe ka cikin waɗanda za su tafi wata tasha a wani tsibiri can ƙarshen arewa, ku yi hunturu kuna auna iskar sama. Gwajin lafiya kawai ya rage, nan da kwana tara.

Wani daga cikin 'yan kasuwar, ba zan faɗi sunansa ba domin wasa ya yi, ya ajiye cokali ya ce, "Wato dai Kabiru, duk shekarun nan ƙanen naka aikin iska yake yi?" Wani ya karɓe ya ce, "Ɗan iska mai digiri uku!" Tebur ya kwashe da dariya. Kai ma ka yi dariya.

Ni ban yi ba. Abin da ba ka sani ba shi ne na riga na yi alƙawari da kai. Laoban, wato mai wata masana'anta da nake hulɗa da ita, ya ji yadda kake Sinanci, ya ce yana son ka riƙe masa duk cinikin 'yan Afirka. Na ce masa an gama, ban ko tambaye ka ba. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce babu inda za ka, shirme ya ƙare, ranar Litinin za ka fara aiki a Shiling.

Ka dube ni ka ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, jakunkunan da kake aikawa gida, ba ledar iska kake cusa musu a ciki don su tsaya ba? Mu biyun duk da iska muke ci. Ni dai ina auna tawa."

Dariyar da aka yi wannan karon ta fi ta farko. Har mai tuwo ta leƙo daga kicin. Na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Alhaji Isufu kaɗai bai yi dariya ba, ni yake kallo.

Mun yi awa guda a jirgin ƙarƙashin ƙasa a hanyar gida. Ina da awa guda cur da zan huce a cikinta, Nura. Ban huce ba. Ina zaune ina hura wutar da kaina, ina maimaita maganarka, ina jin dariyar.

Muna shiga gida ana kiran la'asar a wayarka. Ka sunkuya kana cire takalmi, ka ɗago za ka ce wani abu, ina jin haƙuri za ka ba ni. Ban bari ka faɗa ba. Na tattara duk ƙarfina a tafin hannuna na dama na sauke maka a kunnen hagu. Ƙarar ba irin ta mari ba ce, kamar an fasa leda ce. Ka bugu da bango ka zame ƙasa.

Da na tsaya a nan, da wataƙila wani labari ake yi yau. Ban tsaya ba. Akwai samfurin wata jaka a kan kujera mai maɗaurin sarƙa, na finciko sarƙar na naɗe a hannu na rufe ka da ita, a kafaɗa, a wuya, a hannuwan da ka kare fuskarka da su. Na ɗauki kwamfutarka na maka ta da bango ta rabe biyu. Maƙwabciyarmu tana ta dukan ƙofa tana ihu da Sinanci. Ina dukanka ina cewa ni za ka wulaƙanta a gaban mutane, ni da na raine ka. Shekararka ashirin da bakwai. Ka fi ni tsawo, ka fi ni ƙarfi. Da ka so, da hannu ɗaya za ka kayar da ni. Ba ka ɗaga hannu ba.

Ka ce, "Yaya, ya isa." Ban bari ba. Sai ka cire hannunka daga kunnen ka duba tafinka, jini ne da wani ruwa-ruwa. Ka ce, "Yaya, ba na ji."

Nan sarƙar ta faɗi daga hannuna.

Alhaji Isufu na kira, ya same mu a asibiti. Ya dube ka, ya dubi rigata da jininka ya ɓata, ya ce, "Kabiru, a Maraɗi ko jaki ba a yi wa haka." Bai ƙara yi mini magana ba ranar.

Likita ta ce dodon kunnen ya fashe, har abin ya taɓa can ciki. Ta ga shatar sarƙa a wuyanka ta kira ɗan sandan da ke asibitin. Kowa a garin nan ya san hukuncin wanda ya yi wa mutum irin wannan rauni: a kulle shi, in ya fito a kore shi daga ƙasar. Ɗan sandan ya buɗe littafinsa ya tambaye ka wa ya yi maka haka. Ina tsaye a bakin ƙofa. Sinancina na kasuwa ne, amma na gane amsarka. Ka ce a matakalar bene ka faɗo. Ya sake tambaya, ya dube ni. Ka sake cewa bene ne.

Haka ka gaya wa malamanka. Haka ka gaya wa Umma a waya. Ni ma da ta tambaye ni, haka na ce.

Bayan kwana tara ka je gwajin lafiya da auduga a kunne, ba ka iya tafiya a miƙe saboda jiri. Ba ka ci ba. Wani ya tafi a madadinka. Ranar da sakamakon ya fito ka haɗa kayanka a jaka biyu ka koma ɗakin kwanan ɗalibai. Ka ajiye mini makulli a kan tebur. Ba ka zage ni ba, ba ka yi mini kallon banza ba. Da ka zage ni da na samu sauƙi.

Shekara guda muna gari ɗaya. Ranar Sallah ka turo mini saƙo, barka da Sallah Yaya, na mayar maka da barka kadai. Sau biyu na zo har ƙofar makarantarku na tsaya, na koma. Ina ce wa kaina babba ba ya ba ƙaninsa haƙuri. Girman kai rawanin tsiya, Umma ta sha faɗa, ni kuwa na naɗa shi har ya rufe mini ido.

Kunnen ya warke ta waje. Da shekara ta zagayo ka sake yin gwaji ka ci, domin a ɗaki shiru kana ji daidai gwargwado. Daga baya na samu labarin in hayaniya ta tashi, kunnen nan komawa yake kamar dutse. Ka san haka, ka yi shiru, domin ba ka son a sake barin ka a baya.

Da na ji za ka tafi na sa aka ɗinka maka safar hannu a Shiling, fatar tunkiya da gashinta a ciki. Ni na zaɓi fatar, na tsaya a kan mai ɗinkin. Na ba Alhaji Isufu ya kai maka filin jirgi, na ce kada ya faɗi daga inda ta fito. Ya ce, "Ka ɗauko ƙafarka mu je tare, mota ce za ta kai mu." Na ce ina da baƙi daga Kano. Ƙarya nake yi. Ina zaune a ɗan shagona na Shiling ina kallon agogo har lokacin tashin jirginku ya wuce.

Kana can wata biyu ka turo mini bidiyo, ni kaɗai. Duhu ko'ina, ka ce ƙarfe goma sha biyun rana ke nan. Sama tana ci da wuta kore da ja, tana kaɗawa kamar an shanya atamfa a iska. Ka juya wayar ka nuna wani ɗan ɗaki a kan tudu da ƙoƙon gilashi a kansa. Gemunka ya yi fari da ƙanƙara, kana haki. Ka ce, "Yaya, ga shagona." Ka yi dariya.

Na kalle shi ya fi sau ashirin. Na rubuta amsa na goge, na rubuta na goge. Na ce sai na samu kalmar da ta dace. Kwana goma sha ɗaya ina neman kalma.

A rana ta goma sha biyu ina cikin masana'anta da hantsi, ina faɗa da laoban a kan zif ɗin da ya sa wa jakunkuna, ina cewa ya canza yana cewa meiyou, wato babu. Wayata ta yi ƙara. Malaminka ne, da wata mai fassara. Ta ce in samu wuri in zauna. Na ce ta faɗa kawai. Ta faɗa. Injinan ɗinki suna ta ruri a kewaye da ni, babu wanda ya tsaya. Na zauna a kan kwali, zif ɗin yana hannuna.

Ban samu biza a kan lokaci ba. An sauko da kai wani gari a arewacin Turai inda Musulmi ke da maƙabarta. Mutanen da ba su taɓa ganinka ba, 'yan Somaliya da 'yan Pakistan, su suka yi maka wanka suka sallace ka. Wani bawan Allah ya riƙe waya ina kallo daga Panyu. Sai da aka kawo inji kafin ƙasar ta tonu, saboda sanyi ya daskarar da ita.

Abin da aka gaya mini a takarda shi ne guguwar ƙanƙara ta raba ka da igiyar da kuke riƙewa in kun fita, ka ɓata, sanyi ya kashe ka. Kuma ku biyu ne a waje. Tun daga ranar na sa wannan na biyun a raina. Ya dawo da rai, ƙanena bai dawo ba. Wata uku ina zaginsa a zuci ban san fuskarsa ba.

Sunansa Chen, abokin aikinka. Ya zo da kansa har ɗan shagona na Shiling, da azahar, ya kawo jakarka. Siririn yaro ne mai tabarau, hannunsa ɗaya a aljihun riga. Alhaji Isufu yana wurin. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce da Turanci shi ne yake tare da kai ranar.

Bai rufe baki ba na shaƙe masa wuya. Na haɗa shi da kanta har jakunkuna suka zubo mana a ka, tabaransa ya faɗi na take. Ina girgiza shi ina ihu da Hausa, don me ka bar shi, don me ka dawo kai kaɗai. Fuskarsa ta yi ja yana kakari. Na ɗaga hannuna na dama. Ya fito da nasa daga aljihu don ya kare kansa, sai na ga yatsu uku ne a jiki. Biyu an yanke, wurin ɗinkin bai gama bushewa ba.

Alhaji Isufu bai tashi daga kujera ba. Ya ce, "Kabiru, har yanzu hannun nan bai ƙoshi ba?"

Na sake shi. Ya zauna a ƙasa cikin jakunkuna yana tari. Da numfashinsa ya dawo bai gudu ba, ya ba ni labari, rabi da Turanci rabi da Sinanci.

Ya ce ranar rana ta yi aman da ba ta yi irinsa ba duk zamanku, sama tana ci bal-bal, ga shi hitar da ke ɗumama ƙoƙon gilashin ta mutu, ƙanƙara ta rufe wa na'urar ido. A ƙasa iska tana kwasar dusar ƙanƙara tana gudu da ita, amma sama tarau take. Ka ce shekara biyu kake jiran rana irin wannan. Akwai igiya da aka ja daga masauki zuwa ɗakin na'urar, kuka bi ta ku biyu, kuka kankare gilashin, kuka gyara hitar, na'urar ta ci gaba da aiki. A hanyar dawowa iskar ta ninka. Wani fallen ƙarfe ya taso daga cikin duhu ya make ka a kafaɗa ya fizge ka daga igiyar.

Ya ce ka tashi tsaye. Yana ganin tocilan goshinka, bai fi taku shida ba. Shi da igiyar suna ta hagunka. Ya ƙwala maka kira, ya busa usur, ya yi ta kira har ya ji jini a maƙogwaronsa. Ya ce ka ji wani abu, domin ka tsaya cak ka saurara. Sai ka juya kai dama, ka yi dama. Ya ga haskenka yana ƙanƙancewa har farin ya haɗiye shi.

Ya cire safarsa don ya ɗaura igiyar a ƙugunsa ya bi ka, a nan sanyi ya cinye masa yatsu. Sauran suka fito a ɗaure suka yi ta nema. Sai da iska ta lafa aka same ka a zaune a bayan wani dutse, ka ba iska baya, ka haɗa kai da gwiwa.

Sai ya ce abin da ya gama da ni. Ya ce kullum in kuna tafiya kakan sa shi ta damanka, saboda kunnen da ka ji wa ciwo a bene. Ranar ce kaɗai ya faɗo ta hagu. Ya ce laifinsa ne, ya kamata ya tuna.

Nura, yaron nan wata uku yana ɗauke da kayana a kansa.

Na ce masa ba bene ba ne. Na ɗaga hannun na nuna masa, na ce wannan ne benen. Ya daɗe yana kallona da idanunsa marasa tabarau. Sannan ya ce bai sani ba. Ya ce ƙarar iskar ranar, mai kunne biyu ma zai iya ɓata, kuma zai iya yiwuwa da ka ji daidai. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ta kowane ɓangare ba. Alhaji Isufu ya ce ajali ba ya wuce ranarsa. Na yarda da haka, ni Musulmi ne. Amma ƙaddara ba ta wanke hannun da aka yi aikin da shi.

A cikin jakarka na ga safar hannun. Chen ya ce ba ta iya sanyin waje ko na minti biyar, amma ita kake sawa a cikin ɗakin na'urar. Ya ce ka gaya masa yayanka ne ya ɗinka, ka gane daga kalar zaren.

Kafin ya tafi ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini abin da na'urar ta ɗauka bayan kun gyara ta. Wani layi ne yana tafiya a kwance, sai ya miƙe sama kamar an ja shi da ƙugiya. Ya ce gudun iskar sama ke nan a sa'o'in da suke nemanka a ƙasa, kuma da sunanka za a fitar da aikin. Na ce ya yi mini bayani tun daga farko. Ya yi kusan awa yana yi. Wayata ta yi ƙara sau huɗu, na kife ta. Rabin abin ban gane ba, amma na saurara har ƙarshe. Washegari na raka shi aka yanka masa sabon tabarau, ya ƙi bari in shiga shagon tare da shi.

Saura Umma.

Na kira ta ranar wata Asabar da safe, ta idar da walaha. Na ce, Umma, akwai maganar da zan faɗa, kada ki katse ni. Na faɗa mata duka, tun daga teburin tuwo har zuwa igiyar. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai na ji kukan kaji a tsakar gida. Can ta ce, "Ni na ba ka shi. Na ce ga ƙaninka nan, ka zame masa uba." Ta ce, "Kada ka kira ni sai na kira ka." Ta kashe.

Kwana ashirin da uku ban ji muryarta ba. Na yi ta zuwa masana'anta ina dawowa kamar gawa. Na bar gidan Panyu, na kasa kallon bangon nan, na koma wani ɗaki a Shiling. Ban sake ɗaga wa kowa murya ba, ba don na zama mutumin kirki ba, sai don ina tsoron kaina.

Jiya da hantsi ta kira. Ta fara da tambayar ko na ci abinci. Na ce na ci, ta ce ƙarya nake yi. Ta tambayi yaron da ya rasa yatsu, ko mahaifiyarsa tana da rai. Na ce tana nan. Ta ce in gaya masa akwai wata tsohuwa a Kano da ke sa shi a addu'a. Sannan ta ce, "Kabiru, na rasa ɗaya, ba zan jefar da ɗayan da hannuna ba. Rabona na yafe. Rabon Nura ba a wurina yake ba. Ka zo gida da azumi."

To ga ni a ƙofarka, ƙanena. Rabonka nake nema, kuma na san ba ni da hanyar jin amsa a duniyar nan. Ka rufa mini asiri a gaban hukuma, ka rufa mini a gaban Umma, ka tafi da shi har kabari. Yau na yaye shi da kaina. Duk wanda ya karanta wannan, kada ya ƙara ce mini na yi maka riƙo. Ya yi maka addu'a kawai. In kuma yana da ƙani a hannunsa, ya je ya zauna ya ji abin da yaron yake son faɗa.

Ka yi haƙuri, Nura. Na yi maka laifi tun kana ƙarami har ka girma. Ka yafe wa yayanka.

Ya Allah, Ka jiƙan Nura ɗan Umma. Ka karɓe shi a matsayin wanda ya fita neman ilimi bai dawo ba. Ka ɗumama masa makwancinsa a ƙasar da ba shi da kowa, Ka yalwata shi, Ka haskaka shi. Ka saka wa waɗanda suka wanke shi da wanda ya bi shi cikin guguwa. Ka ba Umma haƙuri da tsawon rai. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka tausasa zuciyar ƙanena a kaina ranar da za Ka tsayar da mu a gabanka.

Wassalam.

Yayanka,
Kabiru
Shiling, Guangzhou